Faifai Mai Koren Zare

Yayata ta yi shekara ashirin da shida tana buga takardu a wani ofis mai hawa biyu, a tebur na kusa da taga, inda rana take dukan bayanta daga ƙarfe biyu har a tashi. Ita ce babba a gidanmu, ni ce ta ƙarshe, kuma har yau da nake da jika Auta take ce mini. Tun muna yara an san ta da son na'ura. Agogon bangon babanmu sau biyu tana kwance shi, sau ɗaya ne kawai ya koma yadda yake. Ranar da aka kwashe tafiretocin ofishinsu aka kawo kwamfuta, abokan aikinta sun shiga zullumi, ita kuwa ta dawo gida cike da murna, ta tsare mu da labarin yadda mutum zai goge kuskure ba tare da ya yaga takarda ba.

Da ta yi ritaya mun ɗauka za ta miƙe ƙafa ta huta. Wata biyu ba a yi ba ta ji labarin wani tela da zai rufe shago ya bar gari, yana sayar da keken surfani irin mai aiki da kwamfuta. Ta je gani, ta dawo da keken a bayan akori-kura, haɗe da wata tsohuwar kwamfuta wadda farinta ya koma ruwan ƙwai. Mijinta, wanda kowa yake ce wa Direba domin shekara talatin ya yi yana jan bas, ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi kayan ya dube ta.

"Ina za a sa wannan?" ya ce.

"A ɗakin ajiya."

"Tayoyina fa?"

"Malam, tayoyin da ba su da mota ai ba sa buƙatar ɗaki."

Kafin yamma tayoyin sun koma bayan gida. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, tana kallon rumfar mai faci. Ta sa kafinta ya buga mata katako a bango mai ƙusoshi saba'in, kowace ƙusa da kwarkwaron zare, launi-launi. Keken a dama, kwamfutar a hagu, waya ɗaya mai kauri ta haɗa su. Sai ta zana abu a kwamfuta, ta tura, keken ya kama bugawa da kansa, ita kuma ta tsaya a kansa tana murmushi kamar wadda ɗanta ya fara tafiya.

Ta fara da sunaye a tawul da aljihun rigunan kanikawa, sannan bajon makarantu. Amma abin da ya fitar da sunanta haruffa ne guda uku. Manhajar da ke cikin kwamfutar, wato shirin da ake zanen da shi, ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Wani mai masauki ya taɓa zuwa mata da tawul a hannu ransa a ɓace. Ya ba wani mai surfani aiki a rubuta masa Masaukin Baƙi, aka yi masa tawul sittin kowanne ɗauke da Masaukin Baki. Yaya ta yi dariya har da hawaye, ta ba shi haƙuri, sannan ta zauna. Wata biyu ta yi tana gina haruffan nan ɗinki bayan ɗinki, manya da ƙanana, salo shida, ta shigar da su cikin manhajar. Daga nan duk mai lanƙwasa a sunansa ko sunan shagonsa, ƙofarta yake nema.

A shekara ta uku kwamfutar ta ƙi tashi. Yaya ba ta damu ba da farko, domin tun zamanin takardar kabon ba ta taɓa yin aiki ba tare da kwafi ba. Duk zanen da ta yi wa mutane yana cikin wani ɗan filashi, ƙaramar ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta, wanda take ratayewa tare da makullanta. Muka ɗauki kwamfutar muka kai wa mai gyara a wani lungu bayan layin masu sayar da waya. Injiniya ake ce masa, ƙaton mutum mai sanyin murya, furfura ta fara cin gemunsa. Ya wanke cikinta ya ɗora mata sabon tsari, ta tashi fes kamar yau aka saya. To, fes ɗin ne matsalar. Zanen suna nan a filashi, amma babu abin da zai buɗe su. Manhajar ta tafi, telan da ya sayar da keken babu wanda ya san inda yake, haruffan nan kuwa ashe a cikin manhajar suke zaune, ba a cikin zanen ba.

Kwana goma sha tara Injiniya ya yi kafin ya samo irin manhajar da za ta yarda ta yi magana da tsohon keken. Bayan haka ta sake gina haruffan daga farko, ta sake saita nauyin ɗinki na kowane irin yadi, abin da ta yi shekara uku tana gyarawa a hankali. 

Ranar da komai ya daidaita ta ce in raka ta shagon Injiniya. Ba gyara ya kai ta ba. Ta ja benci ta zauna ta ajiye jaka a cinya.

"Injiniya, gaya mini inda na yi kuskure. Ina da kwafi, amma bai cece ni ba."

"Mama, kin fitar da kayan ɗaki, kin kyauta. Ɗakin ne ya rushe. Abin da ya kamata shi ne ki riƙa ɗaukar hoton na'urar gaba ɗayanta."

Ni da karambanina na ce, "Da kamara?"

Ya rufe baki yana dariya. "A'a, Anti, suna ne kawai. A cikin kwamfutar akwai faifan da komai yake zaune a kai: tsarin da take tashi da shi, manhajoji, saiti, zane, har haruffan Mama. Sai a kwafe faifan nan dungurungum, yadda yake a ranar, a zuba a wani faifan na waje. In na cikin ya mutu, a sa sabo, a juye masa hoton, kwamfutar ta farka kamar barci ta yi."

Yaya ta matso da bencin. "Da manhajar?"

"Da manhajar."

"Da nauyin ɗinkin tawul?"

"Har inda kika ajiye kowane abu a fuskar allo. Sai dai hoton ranar da aka ɗauka shi yake dawowa. In kin yi shekara ba ki ɗauka ba, shekara za ki koma baya."

"To me ya hana ka gaya mini tun da?"

"Mutane ba sa tambaya, Mama. Sai abu ya mutu suke zuwa."

Na san wannan kallon da ya bayyana a idonta. A ranar muka dawo da faifai biyu, kowanne bai fi tafin hannu ba, da wani filashi na dabam da Injiniya ya shirya mata, wanda ake tayar da kwamfuta da shi in cikinta babu komai. Shi ta sa wa suna ɗan makulli. Faifan biyu kuwa iri ɗaya ne sak, sai ta ɗaura wa ɗaya jan zare, ɗaya kore. Ba ta tsaya nan ba. Mako na gaba ta koma ta ce sai an yi gwaji, ita ba ta yarda da abin da ba ta ga ya yi aiki ba. Injiniya ya cire faifan cikin kwamfutarta ya ajiye gefe, ya sa wani wanda babu komai a kai, ta juye hoton da hannunta yana gaya mata abin da za ta danna. Ta rubuta matakan, goma sha ɗaya, ta buga a kati, ta sa aka lulluɓe shi da roba, ta rataye a ƙusa ta ƙarshe a katakon zare.

Tsarin ya zama haka. Kowace Asabar da safe, kafin ta taɓa wani aiki, sai ta zare fulogin keken, ta haɗa faifan da ke gida, ta bar shi yana ɗauka ta je ta sha shayi. Da rana in na taso daga kantin maganin da nake aiki sai in biyo, in kawo wanda ya kwana bakwai a gidana, in karɓi sabon. Wannan makon Mai Ja yana wajena, mako mai zuwa Mai Kore.

Direba ya samu abin tsokana. "Shekara talatin ina kan hanya da tayar safaya ɗaya tak, ban taɓa kwana a daji ba. Ke kuma sai biyu?"

"Safayarka a ina take zama?"

"A cikin mota mana."

"In motar ta kama wuta fa?"

Ya ce Allah ya kiyaye, ya ɗauki rediyonsa ya fita.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na sha gunaguni. Shekara huɗu ina yawo da faifai a jaka tsakanin gida biyu, kwamfutar kuwa ko tari ba ta yi ba. In na manta na zo hannu rabbana, Yaya ba ta faɗa. Sai ta zuba mini abinci, ta jira in ci in ƙoshi, sannan ta ce, "To, Auta, je ki ɗauko, ina jiranki."

Sai wata Asabar, saura kwana tara a koma makaranta. Wata sabuwar makaranta ta ba ta bajo ɗari huɗu, ana so ranar Alhamis domin teloli su samu lokacin ɗinkawa a riguna. Zanen yana da wuya: bishiya, buɗaɗɗen littafi a gindinta, rubutu ya zagaye su, launi biyar. Kwana biyu ta yi a kansa, ranar Juma'a ta buga guda ɗaya na gwaji, shugabar makarantar ta gani ta ce haka take so.

Ina tashar bas da wajen ƙarfe tara wayata ta yi ƙara.

"Auta, kina ina?"

"Hanyar aiki. Lafiya?"

"Mai Kore yana jakarki?"

Sai na tuna na canza jaka da safen nan. "Yana gida, Yaya. Me ya faru?"

"Koma ki ɗauko, ki same ni a shagon Injiniya. Kwamfuta ta ƙone."

Abin da ya ɗaure mini kai muryarta ce. Babu kuka a ciki. In ma da wani abu, irin ɗokin nan ne na ɗalibar da ta yi karatu sosai aka ce yau ce jarrabawa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ta haɗa Mai Ja, ta tafi kicin, sai aka ɗauke wuta. Minti kaɗan aka dawo da ita da wani irin ƙarfi, fankar falo ta riƙa juyi kamar za ta tsinke, ƙwan fitilar tsakar gida ya fashe. Kafin ta iso ɗakin warin ƙonanniyar waya ya tare ta. Keken ya tsira domin fuloginsa a zare yake. Kwamfutar da faifan da ke haɗe da ita kuwa, shiru.

Na kira wajen aiki na ce zan makara, na koma gida da sassarfa, na zazzage tsohuwar jakar a kan gado. Ga shi nan a cikin safar da nake naɗe shi, da koren zarensa. Ban sake sa shi a jaka ba, a hannu na riƙe shi har lungun.

Na tarar Direba ya riga ya kawo Yaya da kwamfutar a ƙaramar motarsa. Injiniya ya buɗe cikin kwamfutar yana haska tocila yana shinshinawa. Ya ce akwatin da ke raba wuta ya ƙone, faifan ciki ya tafi, Mai Ja ma ya gwada shi ko motsi ba ya yi, amma babban allon ciki da sauran kaya lafiya lau. Ya ɗauko wani akwatin wutar daga kanta ya ɗaura, ya sa sabon faifai, ya miƙo hannu in ba shi Mai Kore.

Yaya ta riga shi karɓa. "Ɗan matsa, Injiniya. Ni zan yi."

Ya matsa ya ba ta kujerarsa. Ta ciro katin nan daga jaka, ta gyara zaman tabarau, ta soka ɗan makulli, ta kunna. Tana karanta kowane mataki da ƙarfi kafin ta danna. Mai gyaran waya na shagon gefe ya leƙo ya ga dattijuwa a kujerar Injiniya, ya kira mai sayar da caja, shi kuma ya kira mai shayi. Kafin mataki na biyar ƙofar shagon ta cika.

A mataki na bakwai ta tsaya. Na'urar tana tambaya daga wane faifai za a ɗauka, a wane za a zuba. Injiniya ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa. Ta karanta sunayen sau biyu, ta duba katin, ta zaɓa, sannan ta waiwayo ta dube shi. Ya gyaɗa kai. Ta danna.

Wani siririn layi ya fito a allon ya fara cika a hankali. Injiniya ya ce zai ɗauki kamar minti hamsin. Babu wanda ya tafi. Mai shayi ya kawo kofuna, mai gyaran waya ya shiga ba da labarin mutanen da suke zuwa masa da matacciyar waya da hotunan shekara goma a ciki. Direba ya kasa zama. Ya je bakin lungu ya dawo ya fi sau goma, kowace dawowa sai ya tambaya an kai nawa.

"Sittin da biyu, Malam."

"Ɗazu ma ai sittin da biyu ne."

"Ɗazu sittin da ɗaya ne. Zauna, kana sa ni jiri."

Da layin ya cika, ta cire ɗan makulli, ta cire Mai Kore ta miƙo mini, ta sake kunnawa. Allon ya yi baƙi. Na ji mai caja yana addu'a ƙasa-ƙasa. Sai ga hoton jikarta da haƙora biyu, wanda yake fuskar kwamfutar tun bara, ga tarkacen alamomin nan nata kowanne a inda yake zama, har da wani saƙon ƙorafi da kwamfutar take fitarwa kullum da safe, wanda Yaya ta yi shekaru tana tsaki a kansa. Ranar ba ta yi tsaki ba, dariya ta yi masa.

Ta buɗe manhajar. Ta buɗu. Ta zaɓi salo na huɗu, ta danna haruffa uku, suka fito manya a allon da lanƙwasarsu.

"Ga su nan!" in ji Direba, ya buga kafaɗar mai shayi har shayi ya zube. Mutanen ƙofa suka kama tafi. Yaya ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi, ta mayar, ta shiga duba manyan fayilolinta ɗaya bayan ɗaya.

Abu ɗaya ne babu: bajon sabuwar makarantar. Hoton da ke kan Mai Kore na Asabar ɗin da ta wuce ne, zanen kuwa ranar Laraba ta fara shi, ba ta kuma kai ga kwafe shi a filashi ba. Na ce, "Wayyo Yaya, aikin kwana biyu."

"Kwana biyu ne da ban san hanya ba," ta ce. Ta zaro bajon gwajin nan daga aljihun jaka ta ɗaga mini. "Yanzu kwaikwayo kawai zan yi."

Ƙarfe ɗaya kwamfutar tana kan teburinta. Ta haɗa wayar keken, ta tura masa wani tsohon zane don gwaji, ya kama bugawa nan take ba gardama. Ta ajiye bajon a ƙarƙashin gilashin ƙara girma tana ƙirga layukan ganyen bishiyar tana zanawa. Kafin rana ta faɗi ta buga sabo, ta ajiye su gefe da gefe ta ce in nuna na asali. Na nuna wanda ba shi ba.

Kwana huɗu keken bai huta ba. Ni ina tsinke zaren baya in na taso aiki, Direba yana yanke gefe da almakashi, harshe a waje, yana cewa bai taɓa sanin ritaya tana da aiki haka ba. Ranar Laraba da rana aka gama. Shugabar makarantar ta zo karɓa ba ta san an yi komai ba, da kuma ba za ta sani ba, sai dai Yaya ta zaunar da ita ta ba ta labarin tun daga fashewar ƙwan fitila har mataki na goma sha ɗaya.

Bayan nan ta ƙara abu biyu. Ta sa na'urar da ke tare wuta in ta zo da hauka, kuma kullum kafin ta rufe ɗaki sai ta kwafe aikin ranar a filashi, domin ta ce ko kwana biyun ma ba ta sake yarda. An sayo wanda ya maye gurbin Mai Ja, shuɗin zare aka ɗaura masa.

Labarin ya bazu a layin. Mai hoton da ke tsallaken titi ya zo da kansa ya ce a nuna masa, sai wasu teloli biyu, sai matar da ke buga wa ɗalibai takardu. Yanzu Yaya tana da shekara sittin da biyar, kuma wasu Asabar ɗin in na je sai in tarar da mutum uku ko huɗu a matse a ɗan ɗakin nan, tana tsaye a kansu da katinta. Ba ta sallamar kowa sai ya yi gwajin juyewa da hannunsa.

Watan jiya na je da ƙaramar kwamfutata a jaka, wadda nake ajiye takardun aiki da hotunan 'ya'yana tun suna goye. Ta hango ta lokacin da nake ciro faifai.

"Auta, wannan yaushe rabon da ki ɗauki hotonta?"

Na shiga gyara zip ɗin jaka.

"Auta."

"Ban taɓa ba, Yaya."

Ta dube ni ta saman tabarau. Sannan ta ture kwarkwaron zaren da ke kan tebur, ta jawo mini kujera, ta leƙa tsakar gida ta ce wa Direba ya fito da mota za a je lungun Injiniya sayen faifai, guda biyu. Ban bar gidan ba ranar sai da na yi matakan nan goma sha ɗaya sau biyu, na biyun ba tare da kallon kati ba.